Tambaya da Amsa: Shafi na tsayawa cak kafin ya buɗe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, muna cike wa ɗalibai fom, kwamfutocin Linux ne a kansu. Wani yaro ya haɗa mana wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, da manhajar Pi-hole a kanta don ta riƙa yi mana DNS, wato mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, to tun daga nan wani lokaci shafi sai ya tsaya cak kamar daƙiƙa biyar kafin ya buɗe, wani lokaci ma brauza ta ce ba ta ga sunan ba, kana sake dannawa kuma ya buɗe. Sabis a cike yake wallahi. Ko in cire ta ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka cire tukuna. Daƙiƙa biyar ɗin nan da ka lura da ita ta faɗi rabin matsalar. DNS yawanci ta hanyar aika saƙo da ake kira UDP yake tafiya a ƙofa ta 53, shi kuwa UDP kamar aiken yaro kasuwa ne, in ya ɓace a hanya ba mai zuwa ya gaya maka. Linux sai ta jira daƙiƙa 5 sannan ta sake tambaya, in na biyun ma ya ɓace shi ne brauza ke cewa babu sunan. Sunan da Pi-hole ta riga ta ajiye kuwa nan take take bayarwa, shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya.

Aikinka yanzu ka gano inda aiken ke ɓacewa. Daga kwamfuta ɗaya ka buɗe tagar rubuta umarni (terminal) ka rubuta dig, umarnin gwada DNS, sai @ da adireshin Pi ɗin, sai sunan wani shafi, ka maimaita kamar sau 20 kana sauya suna kana kallon lokacin da yake nunawa a ƙasa. Sannan ka yi haka da @1.1.1.1 na Cloudflare ko @8.8.8.8 na Google. In waɗannan ma suna maƙalewa to Pi ba ta da laifi, hanyar fita ce, galibi rauta ta 4G da ke zubar da saƙo in wani na sauke babban fayil. In kuwa Pi kaɗai ke yi, fara duba ko a Wi-Fi take, in haka ne dan Allah ka saka mata waya, wannan kaɗai na kashe matsalar a shaguna da yawa.

Abin da na fi zargi a shago irin naka shi ne rauta ce ke karɓar tambayoyin kowa tana miƙa wa Pi-hole, sai Pi-hole ta ɗauka duk mutum ɗaya ne, alhali tana da ƙa'idar tambaya 1000 a daƙiƙa 60 ga kowace na'ura, in an wuce sai ta ƙi amsawa na ɗan lokaci. Ranar da shago ya cika da masu rajista ai wuce wannan ba wuya. Shiga shafin Pi-hole ka duba sashen gargaɗi, zai nuna maka, har da gargaɗin tambayoyi 150 da ke jiran amsa lokaci guda. Gyaran shi ne a saitin DHCP na rautar, wato inda take raba wa na'urori adireshi, ka sa ta ba kowace kwamfuta adireshin Pi ɗin kai tsaye a matsayin DNS.

Sai batun wuta. Pi 4 da na ƙasa da ita ba su da agogo mai batir, in an ɗauke wuta aka dawo lokacinta na iya zama ba daidai ba, in DNSSEC (tsarin tantance sahihancin amsar DNS) na kunne sunaye su ƙi buɗewa sai ta daidaita. Ka ɗora ta a kan inbata tare da rautar.