Filin Kiwo: Akuya ta ƙi ɗanta, yaya za a yi ya rayu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Jar akuyata ta haifi tagwaye, kuma haihuwarta ce ta fari. Ta lashe ɗaya ta karɓe shi, ɗayan kuwa da ya matso hantsa sai ta tunkuye shi. Maƙwabciyata ta ce in dama masa koko mai ruwa-ruwa in ɗura masa. Me ya kamata in yi? Daga wata uwargida, Bichi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah a ajiye kokon nan. Cikin jaririn akuya bai iya narkar da gasara ba tukuna, kokon zai zauna masa ne ya kumbura shi ko ya tsinka masa zawo. Abin da yake bukata a ranar farko shi ne dakashi, wato nonon farin nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Ɗan akuya yana faɗowa duniya ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, domin ba ya samun ta tun yana ciki, sai a dakashi. Hanjinsa kuma ba ya daɗewa yana karɓar wannan garkuwa: awa 6 na farko su ne mafi albarka, bayan awa 24 kuwa ƙofar ta rufe. Shi ya sa za ki ga wanda bai sha dakashi ba ya yi kwana biyar garau yana tsalle, sannan zawo ko ciwon cibiya ya kwantar da shi farat ɗaya. Masu cewa a tatse dakashi a zubar wai gurɓataccen nono ne, sun yi kuskure babba.

Kafin ki ba shi komai, sa ɗan yatsanki a bakinsa. Idan bakin da ɗumi, kuma ya kama yatsan yana tsotsa, to a shirye yake. Idan kin ji bakin da sanyi, kai yana langaɓewa, kada ki ɗura masa ko cokali ɗaya, domin ba zai iya haɗiya ba, nonon huhu zai tafi. Ki shafa masa 'yar zuma a dasashi, ki goge shi da busasshen tsumma har ya bushe, ki naɗe kwalbar ruwan ɗumi a zane ki jingina masa a kwiɓi. In sanyin ya kama shi sosai, kamar yadda ake gani da asubahin hunturu, sa shi cikin leda kansa a waje, ki tsoma ledar a bahon ruwan ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta iya jurewa. Zafin jikin lafiyayyen ɗan akuya yana wajen digiri 39. Kada a kunna masa gawayi a rufaffen ɗaki.

Da ya farfaɗo sai a koma kan uwar. A ɗaure ta gajere a turke, mutum ɗaya ya matse ta da bango ya riƙe ƙaho. Ki wanke hannu, ki tatsa sau biyu ko uku daga kowane nono, domin akwai ɗan danƙo da ke toshe bakin nonon sabuwar haihuwa, jariri marar ƙarfi ba ya iya tsotse shi. Ki ɗiga masa nonon a leɓe, ki kai bakinsa, ki riƙa sosa masa gindin wutsiya kamar yadda uwa take yi da harshenta. Idan ya kama, za ki ga wutsiyar tana kaɗawa.

In ya kasa kamawa, tatsi dakashin a kofi mai tsabta ki ba shi da sirinji wanda aka cire wa allura, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, kina jiran ya haɗiye. Lissafin shi ne aƙalla kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a ranar farko. 'Ya'yan jar akuyar Sakkwato da Maraɗi sukan zo da nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, tagwaye sun fi karkata ga na ƙasa. Ke nan mil (wato mililita) 150 zuwa 200, a raba shi sau huɗu ko biyar, kowane shan mil 30 zuwa 50. Ba a ɗora dakashi a wuta, yana guda ya lalace. A tsoma kofin ne cikin ruwan zafi har ya yi ɗumin jiki. Idan uwar ba ta da shi, na wata akuya ko tunkiya ko saniya da ta haihu ranar zai yi.

Ki kuma tsoma cibiyarsa gaba ɗaya cikin aidin, har gindinta, ki sake bayan 'yan awanni. Ta wannan ɗanyar cibiya ƙwayoyin cuta suke shiga, sai bayan mako ɗaya ko biyu a ga gwiwoyi sun kumbura ɗan ya kasa tashi.

Game da uwar, kada ki yi saurin fitar da rai. Akuya da wari take gane ɗanta, kuma a awannin farko da take lasarsa take riƙe warin. Mai haihuwar fari takan shagala da na farko, kafin ta waiwayo na biyu ya bushe ko yara sun ɗauke shi suna wasa. Keɓe su su uku a ƙaramin wuri mai busasshiyar shimfiɗa, ki riƙa riƙe ta ya sha sau huɗu ko biyar a yini. Idan nononta ya ratsa cikinsa, kashinsa zai ɗauki warin da ta sani, da yawansu sukan sauko cikin kwana uku zuwa mako guda. Amma ki shafa hantsar tukuna. Idan ɓari ɗaya ya yi tauri da zafi, ko nonon yana fita da gudaji ko jini, to ciwo ne ya sa take tunkuri. Haka nan idan mabiyiya ba ta faɗi ba bayan awa 12. Waɗannan biyun na likitan dabbobi ne, kuma kada a ja mabiyiya da hannu.

Tambaya: Akuyata ta mutu kwana biyu da haihuwa, ɗan ya sha nonon fari. Wace madara zan ba shi, kuma nawa? Daga wani mai kiwo, Gumel.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Mafi sauƙi shi ne a samu wata akuya mai shayarwa a riƙa riƙe masa ita. In akwai wadda ɗanta ya mutu, a shafa masa nononta a ka da gindin wutsiya, ko a lulluɓa masa fatar mataccen na kwana biyu.

In babu, sai kwalba. Madarar akuya ce kan gaba, sai ɗanyar madarar shanu wadda ba a cire wa mai ba, a tafasa ta a bar ta ta huce, saboda cututtuka irin su bakkale (ciwon nan mai sa dabba ɓari) da tarin fuka da ake ɗauka a ɗanyar madara. In garin madara za ka saya, nemi mai cikakken mai, ka dama wajen giram 130 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Ka guji madarar gwangwani mai zaƙi da garin nan da ake aunawa na shayi, wanda aka haɗa da man tsirrai. Kada ka tsinka madarar da ruwa don ta yi auki, kuma kada ka yi ta canje-canje, yau ta shanu gobe ta gari. In dole a canza, a gauraya su a hankali cikin kwana uku ko huɗu.

Daga kwana na biyu, abin da zai sha a yini kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne na nauyinsa. Ɗan kilo biyu zai sha mil 300 zuwa 400, wato kusan cikin ƙaramar kwalbar lemo mai mil 350, amma a raba sau biyar a makon farko, har da na dare. A mako na biyu a koma sau huɗu, daga wata ɗaya sau uku. Ka riƙa auna shi duk mako a cikin buhu da sikelin rataye, kana ƙara madarar gwargwadon nauyi. Ɗiga ta a bayan hannunka kafin ka ba shi, ka ji ta ɗumi kawai.

Yadda ake riƙe kwalbar ma yana kashewa. A bar shi a tsaye da ƙafafunsa, wuya a ɗan miƙe, kamar yana ƙarƙashin uwarsa. Tsotsa a haka ne ke rufe wata 'yar hanya a cikinsa da take tsallake tumbi ta kai madara inda za ta narke. In aka kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, ko aka faɗaɗa hujin robar bulumboti, madarar takan faɗa tumbin da bai fara aiki ba ta yi tsami, ko ta shiga huhu. Kifa kwalbar ka gani: ɗiga ya kamata ta yi, ba zuba ba. Zai shanye ya ci gaba da kuka, tausayi ya kama ka. Kada ka ƙara. Taɓa cikinsa, in ya cika amma yana lotsawa, ya ƙoshi. Ɗure ya fi yunwa saurin hallaka marayan akuya.

Tambaya: Wanda nake shayarwa ya fara zawo a kwana na shida. In daina ba shi madara ne? Daga wata ɗaliba, Zinder.

Amsa: 'Yar uwa, duba kashin da kyau tukuna. Baƙi mai danƙo a ranar farko, sannan rawaya mai kauri, wannan lafiya ce. Sai dai yakan bushe ya toshe dubura, kuma tunda babu uwar da za ta lashe, ke za ki goge da tsumma mai ɗumi. In kuwa ruwa ne tsululu, yawanci madarar ta yi yawa, ko ta yi sanyi, ko kwalbar ba ta wankuwa. Ki tsallake sha ɗaya ko biyu, ki ba shi ruwan ORS na ƙunshi da ake sayarwa a kyamis, daidai awon madarar, sannan ki dawo da madara rabi-rabin awo, ORS a tsakani, ba a gauraya su a kwalba ɗaya. Kada ki haɗa masa da sukarin shayi, hanjinsa ba ya narkar da shi, zawon zai ƙaru. Kada kuma a hana shi madara fiye da yini guda. Ja fatar wuyansa ki saki: in ta tsaya ba ta koma ba, ko ido ya faɗa, ko kin ga jini, ko ya daina tsotsa, a kai shi asibitin dabbobi a ranar. Kwalba da robar a wanke da sabulu da ruwan zafi bayan kowane sha, a kife su bushe.

Tambaya: Yaushe ake yaye shi? Daga wani dattijo, Funtuwa.

Amsa: Baba, nauyi da cin abinci ake dubawa, ba kwanaki kaɗai ba. Tun yana mako biyu a ajiye masa ganyen harawar gyaɗa ko ta wake mai laushi, da ɗan cikin hannu na dusa, da ruwa a faffaɗan kwano marar zurfi, domin da wannan tsince-tsincen tumbinsa ke girma. A bar shi yana cuɗanya da sauran awaki da rana don ya koyi kiwo. Idan ya kai wata biyu da rabi zuwa uku, nauyinsa ya ninka na haihuwa aƙalla sau uku, kuma kuna ganin yana tuƙa, sai a rage kwalba ɗaya-ɗaya cikin mako biyu. Daidai wannan lokaci ne kuma, wata uku zuwa huɗu, za a kai shi a yi masa rigakafin PPR, annobar nan ta awaki da tumaki mai zuwa da majina, gyambon baki da zawo, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato take haɗa allurarta.