In asalin mitokondiri bakteri ce, antibiyotik ba zai ci jikin ƙanena ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Damagaram, bana zan yi BAC D. A darasin SVT (kimiyyar rayuwa da ƙasa) mushe ya ce mitokondiri, wato sashen da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin jikinmu, asalinta bakteri ce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don ƙanena ɗan shekara 4 kwana uku ke nan yana zazzaɓi, inna tana ba shi amoksisilin da ta saya wurin mai talla. Tunda bakteri maganin yake kashewa, ba zai ci jikin yaron ba?

Amsa: Ƴata, kwantar da hankalinki ta wannan gefen, amoksisilin ba ya taɓa mitokondiri. Abin tsoron yana wani wuri, zan zo kansa.

Mushenku gaskiya ya faɗa. Alamun rai da aka samu a duwatsun Pilbara na Ostireliya sun kai shekara miliyar 3.5, kuma duk na prokariyot ne: ƙwaya guda, babu nwayo (cibiyar da ke adana ADN, wato kundin gadon halitta), ADN ɗinta zobe ne a sake. Su kaɗai suka riƙe duniya shekaru fiye da miliyar ɗaya da rabi. Wasu daga cikinsu, siyanobakteri, su suka cika iska da oksijin wajen shekara miliyar 2.4 da suka wuce. Danginsu na nan kusa da mu, su ne koren abin nan da matan Kanem ke kwasa a tabkunan kanwa na yankin Tafkin Cadi suna shanyawa, suna ce masa dihe. Daga baya wata ƙwaya ta dangin arke (wani reshe na prokariyot) ta haɗiye wata bakteri mai aiki da oksijin, ba ta narkar da ita ba. Baƙuwa ta zauna tana biyan haya da ƙarfi, har ta zama ƴar gida. Ita ce mitokondiri, daga wannan zaman ekariyot, wato halittun da ƙwayoyinsu ke da nwayo irin mu, suka fito. Lokacin da masaniyar ilimin halittu Lynn Margulis ta kare wannan ra'ayi a 1967 mujallu da yawa sun ƙi buga takardarta. Yau ga shaida: mitokondiri tana da nata ADN mai zobe, mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37 a jikin mutum, tana rabuwa biyu kamar bakteri, kuma daga uwa kaɗai ake gadonta.

To ina amoksisilin yake sara? Bakteri tana da katanga ta peptidoglikan. Maganin yana hana ta gina katangar, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da wannan katanga, mitokondiri ma ta yar da tata tun tuni. Amma tambayarki ba ta banza ba ce. Akwai antibiyotik masu saran ribozom ɗin bakteri, wato injin da ke ƙera mata furotin, kuma ribozom ɗin mitokondiri har yanzu yana kama da na kakanninsa. Shi ya sa kloramfenikol kan taɓa ɓargo ya rage jini, shi ya sa ba a sha sai da hannun likita.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ake kira ƙwayar cuta abu ɗaya ne, kafso ɗaya zai gama da shi. Ƙwayar palu, wato Plasmodium, ekariyot ce. Tana da nwayo, tana da mitokondiri, a tsarin ginin jiki ta fi kusa da ke a kan bakteri. Ba ta da katangar da amoksisilin zai rusa, ko kwali guda aka ɗura wa yaro tana nan tana cin jininsa. Makero da ƙyasbi naman gwari ne ke kawo su, shi ma ekariyot. Mura kuwa birus ce, ko ƙwayar halitta ba ta cika ba. Duk da haka ki ratsa kasuwar Dole ko bakin tasha ki gani: tire a ka, rana ta dafa maganin tun safe, mai talla yana ƙirga wa uwa kafso huɗu na dala ashirin, ja da ɗorawa na zawo, wancan na zazzaɓi, wancan na sanyi. Bai san bakteri ba, bai san palu ba, launi yake sayarwa. Wani har fasa kafson yake ya barbaɗa a gyambo, wani ya zuba wa kaji a ruwa. In ka yi magana a ce ai wane ya sha ya warke. Ya warke mana, mura ce, da ko bai sha ba mako guda za ta sake shi.

Kuma ba a banza kafso huɗun nan suke wucewa ba. Bakteri irin E. coli kan rabu biyu cikin minti 20 in ta sami wuri. Magani rabi da rabi yana kashe masu rauni, masu taurin kai su gaji gidan. Sannan prokariyot suna da wata dabara da mu ba mu da ita: suna miƙa wa juna ƙananan zobban ADN, plasmid, ko ba danginsu ɗaya ba, kamar maƙwabta na aron turmi. Wadda ta koyi jure magani a hanjin ƙanenki za ta iya koya wa ta taifod. Alexander Fleming da ya gano penisilin a 1928 ya yi wannan gargaɗin tun 1945. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda bakterin da magani ya daina ci, kuma yammacin Afirka ne abin ya fi muni. Ranar da ciwon huhu na gaske ya zo, amoksisilin ɗin da aka ɓarnatar a kan mura shi za a nema.

Zazzaɓin kwana uku ga ɗan shekara 4 ba abin jira ba ne. Ki lallaɓa inna yau, ba gobe ba, ku kai shi CSI (ƙaramin asibiti) mafi kusa a ɗiga jinin yatsa, gwajin palu bai fi minti 20 ba. Ku tafi da kwalin maganin, ki faɗa musu guda nawa ya sha. In kin ga yana amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko ya kasa shan ruwa, kada ku jira gari ya waye, ku wuce babban asibiti.