Mun ɗaure bim tamau, amma ya lotsa fiye da lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Jidda. Mun kafe bim na ƙarfe (doguwar sanda mai ɗaukar nauyi) ta kai biyu da noti, muka danna tsakiyarsa da jek, sai ya lotsa kusan ninki biyu na abin da lissafi ya ba mu. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka tuhumi lissafinka, tuhumi mazaunin bim ɗin. A takarda, bim ɗin da aka kafe ta kai biyu lotsawarsa rubu'i ce ta wanda aka ɗora kawai bisa matokarai: na farko ana raba PL³ da 192EI, na biyu da 48EI (P ƙarfin dannawa ne, L tsawon bim, EI kuma taurinsa wajen lanƙwasa). Naka ya faɗo tsakani, ma'ana kan bim ɗin yana ɗan juyawa a cikin ɗaurin, ko da ido bai gani ba.

Kafewa ɗari bisa ɗari babu ita a ɗakin gwaji. Noti yana miƙewa, farantan da suka matse bim ɗin suna lanƙwasa, shi kansa firam ɗin yana motsi. Ka ƙara musu kauri, ka tsawaita wurin riƙon, ka ɗaure kowane noti da sufana mai awon ƙarfi. Sannan, kuma wannan ne ɗalibai suka fi tsallakewa, ka sa agogon awo biyu, masu auna ɗan motsin bim, dab da kowane ɗauri. Idan alluransu suka bambanta yayin da jek ke dannawa, ka ga juyawar ƙiri-ƙiri, sai ka shigar da ita lissafi.

Ɗorawa bisa matokarai ta fi sauƙi: rodi mai kauri a kowane kai, ɗaya a yi masa walda, ɗayan a bar shi yana birgima kan faranti mai santsi. In ka kafe duka biyun, bim zai riƙa ja kamar igiyar shanya.



Kada kuma ka ɗauko ƙarfe daga ranar Jidda ka ɗaure nan take a ɗaki mai sanyin AC. Bim mai mita 3, in ya huce da digiri 20, yana tsukewa da kusan milimita 0.7, ɗaurin kuma ba zai bar shi ba. Bar shi ya kwana a ɗakin tukuna.