Amsa ga Maman Tagwaye: zama da yara a hawa na uku lokacin guguwar Oklahoma

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da baƙunta. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na sallami yara makaranta don in samu natsuwar amsa miki. Kin ce a watan Agusta kuka sauka a Norman, maigida yana karatu, kuna hawa na uku a gidan haya da tagwaye 'yan shekara uku. Tun da Maris ya kama kowa maganar tonado yake yi, wato babbar guguwar nan, har barci ya fara gagarar ki. Kina tambaya ko ku tattara ku bar jihar, in kuwa zaman ya zama dole, yaya ake yi.

Ba sai kun tashi ba. Tun 2012 nake nan, kuma ina da maƙwabta tsofaffi da aka haifa a jihar nan waɗanda ba su taɓa ganin guguwar da idonsu ba sai a talabijin. Amurka tana samun irin wannan guguwa wajen 1,200 a shekara, amma mafi yawansu ƙanana ne, kuma hanyar da kowacce take bi siririya ce. Abin da ya dame ni a saƙonki hawa na ukun nan ne. A kansa zan fi tsayawa.

Da farko ki cire guguwar gida daga ranki, wadda take tasowa da rani a fili, ta kwashi ledoji da karmami, yara su bi ta da gudu. Suna kawai suka haɗa. Ta nan daga cikin hadari take saukowa, kuma mafi ƙarfinta, wadda ake ba lambar EF5, iskarta takan haura kilomita 320 a awa. Tana share gida daga kan daɓensa, tana jefa mota kamar gwangwani. Lambar nan ma sai bayan ta wuce ake ba ta, idan masana sun zagaya sun ga ɓarna, don haka lokacin da take tahowa ba wanda zai ce miki ƙarama ce.

Akwai kuma wani sabo da na zo da shi wanda ya daɗe yana ruɗa ni. Mu a Katsina gabas muke duba, don daga can hadari yake tasowa. A nan ki juya baya. Daga yamma da kudu maso yamma yake zuwa. Iska mai ɗumi da danshi tana haurowa daga mashigin tekun Mekziko, busasshiya tana fitowa daga hamadar yamma, mai sanyi tana gangarowa daga wajen Kanada, kuma babu wani tsauni a tsakani da zai raba su. A kanmu suke karo, daga Afrilu zuwa farkon Yuni, Mayu ne tsakiyar abin. Shi ya sa za ki fita da safe da rigar sanyi, da azahar zufa ta jiƙa ki, da la'asar sama ta yi baƙi. Saboda haka ki haddace sunayen garuruwan da ke yammacinku da kudu maso yamma: Chickasha, Blanchard, Newcastle. Ki kuma san cewa Norman tana gundumar Cleveland ne, don da sunan gunduma ake sanarwa. Duk ranar da kika ji mai hasashen yanayi yana maimaita Chickasha da Blanchard, to ku ne a gaba.

Bari in ba ki labarin shekararmu ta farko, don ita ta koya min duk abin da zan faɗa miki. Muna zaune a kudancin birnin Oklahoma, hawa na biyu, ina goyon ɗana na fari. Ranar Litinin 20 ga Mayu 2013, wajen ƙarfe uku na rana, guguwa ta sauka kusa da Newcastle ta ratsa garin Moore, wanda yake tsakaninmu da ku. Kusan minti arba'in ta yi a ƙasa. Mutum 24 suka rasu, bakwai daga cikinsu yara ne a makarantar firamare ta Plaza Towers. Ba ta taɓa unguwarmu ba, amma bayan kwanaki mun je kai ruwa da tufafi tare da mutanen masallaci, na ga layi guda ba gida ko ɗaya a tsaye, bishiyoyi ba ko ɓawo a jikinsu. Na dawo da wani tsoro da ban taɓa sanin irinsa ba.

Tsoron nan ne ya kusa halaka mu bayan kwana goma sha ɗaya. Ranar Juma'a 31 ga Mayu da yamma wata ta sauka kusa da El Reno, faɗinta ya kai kilomita huɗu, ba a taɓa auna mai faɗinta ba. Aka ce hadarin ya nufo birni. Ba mu da wurin ɓuya, ba mu taɓa zama mun tsara komai ba, sai kawai muka ɗauki yaro muka faɗa mota muka nufi kudu a kan babban titin I-35. Ashe dubban mutane tunaninsu ɗaya da namu, ga kuma lokacin tashi daga aiki. Titi ya cushe, ba gaba ba baya. Sama ta yi duhu kamar an yi magariba, iska tana girgiza motar, tiransifoma suna fashewa da koren haske a gefenmu, ruwa ya fara hawa kan kwalta. Ina rungume da yaro ina ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, maigida ya riƙe sitiyari ba ya cewa komai. Allah ya tsare mu. Washegari muka ji cewa mutum takwas ɗin da guguwar El Reno ta kashe duk a cikin mota suke, har da Tim Samaras, mai binciken da ya yi shekaru yana bin guguwa, da ɗansa da abokin aikinsa. Wasu iyalai kuma da suka shiga magudanar ruwa don su ɓuya, ambaliya ta tafi da su da ƙananan yaransu. Har yau idan na tuna cewa da hannunmu muka kai jariri tsakiyar titin nan, jikina yakan yi sanyi.

Don haka ina roƙon ki, yau ɗin nan, tun sama tana fes, ki san takamaiman wurin da za ki je da kuma minti nawa zai ɗauke ki da yara biyu a hannu. Hawa na uku ba wurin zama ba ne idan an yi gargaɗi. Abin da ake so shi ne ƙasa, tsakiyar gini, ɗaki ƙarami marar taga, bango da yawa tsakaninki da waje. Ki sauka ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtan hawa na ƙasa, ki gaishe su, ki tambaya ko za su buɗe miki idan jiniyar gargaɗin guguwa ta gari ta yi kuka. Na san nauyin da za ki ji. Amma mutanen jihar nan a kan wannan magana ba su da ƙyashi, ni ban taɓa jin wanda aka mayar ba. Ki karɓi lambar mutum biyu, don wata rana ɗaya ba ya gida. Ki kuma tambayi ofishin masu gidan ko akwai wurin da suka tanada. Kada ki sa rai da maɓoyar gwamnati, yawancin garuruwan nan ba su da ita, don ba sa so mutane su hau titi a daidai lokacin da ya fi haɗari. Gidajen ma kaɗan ne masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, saboda jan yumɓun ƙasar da kuma ruwa da ke kusa. Abin da mutane suke yi shi ne su haƙa rami a daɓen gareji su saka akwatin ƙarfe mai murfi, mai cin mutum shida zuwa takwas. Shi muka saka da muka samu gidan kanmu, muka kuma yi masa rajista da hukumar gari don masu ceto su san inda za su tono idan gini ya rufta a kai. Idan wa'adin hayarku ya ƙare, ku nemi hawa na ƙasa ko gida mai irin wannan rami, ko da zai fi nisa da makaranta.

Sanarwa iri biyu ce, kuma kada ki haɗa su. Ta farko, wadda za ki ji suna cewa woc, ruwan ɗorawa ce a taswirar hukumar yanayi, tana rufe gundumomi da yawa na tsawon awanni. Ma'anarta kayan haɗi sun cika, a zauna cikin shiri. Ta biyu, wonin, jan zane ce a kan yanki ƙarami: an ga guguwar ko na'urar rada ta hango hadarin yana juyawa. A Moore minti 16 aka samu tsakanin gargaɗi da saukarta, kuma wannan ana ganin an samu lokaci. Ke mai tagwaye da matakala hawa uku, a ranakun da aka ce haɗarin babba ne kada ki jira jan zanen. Tun ana cikin ta farkon, da kin ji an ambaci garuruwan can, ki sauka. In za ki je gidan wata mai rami ne, ki tafi tun da rana, ku yi hira, ku ci abinci. Cibiyar da ke hasashen irin wannan hadari ga Amurka gaba ɗaya a garinku take, cikin harabar jami'a, kuma tun saura kwanaki take nuna ranar da za a yi hattara, mataki ɗaya zuwa biyar, na biyar ne mafi haɗari.

Jiniya kuwa don mutanen da ke waje aka yi ta. Da taga a rufe da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ba lalle ta tashe ki ba. Ki bar sanarwar gaggawa a kunne a wayarki, ki kwana da ita da caji, ki kuma sayi ɗan rediyon yanayi mai batir, wanda yake shiru sai an yi gargaɗi ya fasa ƙara. Na dare su ne abin tsoro. Wadda ta rushe tsakiyar garin Sulphur ranar 27 ga Afrilu 2024 da dare ta zo. Ta Norman ɗinku ma, 26 ga Fabrairu 2023, da dare ce, kuma lokacinta bai ma yi ba.

Kayan da za ki ajiye bakin ƙofa ba su da yawa: jaka ɗaya da fasfo da takardun zama cikin leda, tocila, ruwa, magani, abin taɓawa na yara. Hular kwano ta keke ga kowane yaro, don abin da ya fi kashe mutane tarkacen da iska ke jifa da shi ne, ba iskar kanta ba. Takalmi mai rufi ga kowa, saboda ƙusa da gilashi bayan an fito. Sai wani abu da ba za ki ji a bakin masu hasashe ba: ki rataye hijabi a jikin ƙofar, kuma daren da aka ce a yi hattara ki kwana da doguwar riga. Na san mu. Sai ki ga mace ta ɓata minti uku tana laluben mayafi a cikin duhu. In abu ya rutsa da ke ba ki kai ko'ina ba, ku shiga banɗakin da ba taga, yara cikin bahon wanka, ke a kansu, katifa a kanki. Ba ruwanki da kwashe shanya, ba ruwanki da leƙa taga. In kuma a hanya ya same ku, ku shiga ginin kirki mafi kusa, kada ku fake ƙarƙashin gadar sama, an rasa rayuka a haka ranar 3 ga Mayu 1999.

Abin da zai fi yawan samunku ma ƙanƙara ce. Takan kai girman ƙwan kaza, wani lokacin ta fi, ta farfasa gilashin mota ta lotsa jikinta. Maigida ya duba ko inshorar motarku ta haɗa da wannan, ku kuma yi ta masu haya, ba ta da tsada.

Yanzu ke tsoro ne ya yi miki yawa, amma nan da shekara biyu sabo ne zai zama matsalarki. Ranar 20 ga Mayu 2019, muna cikin azumi, aka saka mataki na biyar, aka rufe makarantu. Tun da hantsi na gama abincin buɗe-baki saboda tsoron ɗauke wuta, muka wuni kusa da ramin. Abin da aka ji tsoro bai zo birni ba. Hakan yakan faru, don akwai wata iska mai zafi da takan tsaya a sama ta danne hadarin kamar murfin tukunya, wata rana ya ɓalle, wata rana ya riƙe, kuma masanan ma ba kullum suke cin wannan ba. Washegari na ji mutane suna cewa an tayar musu da hankali a banza. Wannan maganar ce nake tsoro. A Joplin ta jihar Missouri, inda mutum fiye da 150 suka rasu ranar 22 ga Mayu 2011, binciken hukumar yanayi ya nuna da yawa sun ji jiniya amma suka tsaya neman tabbaci, don sun saba jin ta ba abin da ya faru. Ni na shiga ramina sau da yawa na fito ba ko ganye a tsakar gida, kuma gobe ma zan shiga. In wani ya ce miki gudun iska rashin tawakkali ne, ki tuna masa cewa a daren ruwa da sanyi Manzon Allah (SAW) yakan sa ladan ya ce a yi salla a gida. Ki koya wa yaranki addu'ar iska, ku riƙa karantawa kuna sauka.

Tagwayen kuma fuskarki za su riƙa karantawa. Nawa na saba musu da abin tun suna ƙanana, akwai bargo da littafin zane da biskit da ba a taɓawa sai a cikin rami, har suka daina kuka idan sun ji ƙarar. Ranar Asabar da sha biyun rana ake gwada jiniya idan sama tana lafiya. Asabar mai zuwa da kin ji ta, ki saka musu hula da takalmi, ki ɗauki jakar, ku sauka har ƙofar maƙwabciyar, maigida ya riƙe agogo. Ki turo min minti nawa kuka yi. Zan ba ki lambata ta saƙon sirri, ramina yana da sauran wurin mutum uku, kuma duk ranar da aka saka mataki na huɗu ko na biyar ku taho tun kafin azahar.