Filin Tambayoyinku: Abokina ya dage sai mun haƙa wurin ninƙaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Shekarata goma sha ɗaya a Teksas, ina tuƙin babbar mota. Ni da wani abokina mun haɗa kuɗi mun sayi fili eka uku a bayan garin Odessa. Muna so mu mai da shi masaukin motocin nan da Amurkawa ke kira RV, masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Gurbi 18 muka tsara, kuma masu zaman wata da watanni muke nema, ba 'yan yawon shan iska ba. Akwai rijiyar burtsatse a filin. Abokina ya dage sai mun haƙa wurin ninƙaya da wurin wasan yara, wai su ke jawo mutane. Ni kuwa kuɗin nake ji. Me za mu fara sawa, me za mu bari?

Mai karatu daga Odessa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa neman albarka. Ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, domin wata ashirin da shida na yi a cikin irin wannan gida mai taya, tsakanin Odessa da Midland, lokacin da nake jigilar yashi zuwa rijiyoyin mai. Masauki uku na zauna. Ɗaya yana da wurin ninƙaya, kuma har na bar wurin ban tsoma ko ɗan yatsa ba. Wanda ya yi awa goma sha biyu a bakin aiki, in ya dawo wanka yake nema da tufa mai tsabta da ɗaki mai sanyi. Da ma masu walda da direbobi da ma'aikatan rijiyoyin mai su ne za su cika muku wurin. Ka gaya wa abokinka, cikin girmamawa, cewa kuɗinku cikin ƙasa za su fara shiga, inda ba mai ganinsu balle ya ɗauke su hoto.

Mu fara da wuta, don ita ke korar mutane. Kowane gurbi yana da turke guda inda ake jona wutar mota. Motocin iri biyu ne. Ƙananan suna shan amfiya 30 a kan bolt 120, wato wat 3,600. Manyan suna shan amfiya 50 ta layi biyu, wat 12,000 ke nan. Tazarar ta fi ninki uku, ko da yake lambobin 30 da 50 ba su nuna haka. Wanda zai yi watanni a wuri yawanci babbar mota yake da ita, mai esi biyu a kan rufi, wani lokaci har uku. A Yuli da Agusta zafin Odessa yakan wuce digiri 38, motar kuwa gwangwani ce da ɗan abin tare zafi siriri. Idan kuka yi tsumulmula kuka sa amfiya 30 kawai, da matar gida ta kunna tanderun lantarki esi yana aiki, wuta ta katse. Saboda haka kowane turke ya zama da soket uku: na 50, na 30, da na 20 irin na gida. Dokar aikin wuta ta Amurka ta ware wa irin wannan masauki sashe na musamman, mai lamba 551. Ku nemi mai aikin wuta mai lasisi wanda ya taɓa aiki da wannan sashe, kada ku kira yaron da ya gyara muku fanka.

Kuma kowane turke ya samu mitarsa. A masaukina na farko kuɗin wuta a cikin haya yake. Maƙwabcina yakan tafi aiki mako biyu ya bar esi a kunne, wai kada kujerunsa su lalace. Da bil ya kai wa mai wurin wuya sai ya ƙara mana haya gaba ɗaya, ni da nake kashe komai in zan fita na biya sanyin ɗakin da ba kowa a ciki. Da mita, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Sai dai ka sani, ana sa ta ne don mutum ya biya abin da ya sha. Jihohi da dama ba su yarda mai fili ya ɗora riba a kan wutar da ya sayo ba, don haka ku karanta ƙa'idar Teksas kafin ku rubuta farashi.

Maganar rijiyar nan ita ta fi tsaya mini a rai, kuma ina zaton ba ku lura ba. A dokar ruwan sha ta Amurka, duk rijiyar da aka jona wa famfo 15 ko fiye, ko take shayar da mutum 25 na tsawon kwana 60 a shekara, ta tashi daga rijiyar gida ta koma ruwan jama'a. A Teksas hukumar kula da muhalli ta jihar, wato TCEQ, ke kula da wannan. Gurbi 18 ya riga ya haura layin. Kada ma ku ce za ku rage zuwa 14 ku tsira, domin in kowace mota tana da mutum biyu kun kai 28. Abin da hakan ke nufi shi ne gwajin ruwa a kai a kai, da tsarin kashe ƙwayoyin cuta, da takardu, kuma mai yiwuwa rijiyar da aka haƙa don gida ɗaya ba ta cika sharaɗin ginin da suke so ba. Idan bututun ruwan gari ya bi ta kusa da ku, ku tambayi kuɗin jonawa ku kwatanta. Ko ma wanne kuka zaɓa, ku kai ruwan rijiyar a gwada tun yanzu. Ruwan ƙasa a yammacin Teksas yana da zartsi, na ga yadda yake cinye tukunyar ruwan zafi ta mota.

Sai sanyi. Wanda ya ga Odessa a watan Agusta ba zai yarda famfo yana daskarewa a nan ba. Ina can a Fabrairun 2021 lokacin da sanyin nan ya rufe Teksas, aka ɗauke wuta kwana da kwanaki. Famfunan masaukinmu tsirara suke a sama, suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Mai wurin kuma makulli ɗaya ya sa wa dukan layin, in zai gyara na mutum ɗaya sai ya rufe wa kowa. Kwana shida da ruwan gora nake alwala. Ku binne bututu da zurfi, ku naɗe abin da ya fito sama, kuma kowane gurbi ya samu makullinsa. Wannan ƙaramin kuɗi ne in ana cikin haƙa, amma babba ne in an riga an zuba tsakuwa.

Bahaya kuwa ba a son zancenta, amma dole. Kowace mota tana da tankin ruwan datti biyu a ƙarƙashi, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na masai. Ɗan yawon kwana biyu zai iya jan motarsa zuwa ramin da kowa ke juyewa. Wanda ya kafa gida, ya daidaita shi a kan jak, ya shimfiɗa tabarma a ƙofa, ba zai kwance duk wannan kowane mako ba. Kowane gurbi sai da bakin bututunsa. Ga abin da masu sabon wuri ke yawan kuskurewa: wurin jona wuta da ruwa da bututun masai na waɗannan motoci yana gefen direba ne, wato hagu, can wajen baya, ƙofar shiga kuwa tana dama. In kuka kafa turke a ɗaya gefen, kowa sai ya ja tiyon ƙazanta ta ƙarƙashin motarsa, ko kuma ya buɗe ƙofa da safe ya ci karo da na maƙwabci. Shi kuma sokawe, a auna shi da masu zaman dindindin, masu wanka kullum, wasu har da injin wanki a cikin mota. Ƙaramar hukuma ke ba da izini, bayan wani mai lasisi ya zo ya duba ƙasar. A yankinku akwai farin dutsen nan da ake kira kalici, ɗan haƙa kaɗan ka same shi, ba ya shan ruwa sosai kuma haƙarsa tsada. Ku ji farashin haƙa kafin ku yi wa kowa alkawarin ranar buɗewa. A rubuta kuma a jikin kowane turke cewa ba a jefa tsumman goge jiki a masai, ko da an rubuta a kwalinsa cewa yana narkewa.

Girman gurbi ba zan daɗe a kai ba. Babbar mota takan kai ƙafa 45 a tsawo, takwas da rabi a faɗi, sannan tana da ɓangarorin ɗaki da ke zamowa waje kamar durowa. Mai ita yana da a-kori-kura, matarsa ma tana da mota, sau da yawa har da ta kamfani. A ganina kada faɗin ya gaza ƙafa 30. Gurbin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba na masu wucewa ne, kuma yana cin fili. Naku baƙin sau ɗaya za su yi ribas su shiga, sai bayan wata shida. Tsakuwa da aka danne da kyau ta isa a farko, daɓen siminti ya jira.

Idan kuɗi suka rage, ginin farko da za ku ɗora a sama ɗakin wanki ne. Injin wanki uku da na busarwa uku za su riƙe gurbi 18, kuma shi kaɗai ne abin more rayuwar da zai riƙa dawo muku da kuɗi kowane mako. A ware inji ɗaya, a rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa na kayan aikin mai ne. Ranar da wata ta sa fararen zannuwanta bayan rigar ma'aikacin rijiya, za ka ji abin da ban iya rubutawa a mujalla. A jikin ginin ku yi banɗaki ɗaya ko biyu masu shawa. Tukunyar ruwan zafi ta yawancin motocin galan shida ce, kafin ƙato ya gama cuɗa ta ƙare. Ƙofar da cikin su zama keken guragu zai iya shiga, dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 ta shafe ku. A wannan ginin dai ku sa kanta mai kulle don wasiƙu da kayan da aka yi oda, kuma kowane gurbi ya samu lamba babba da motar asibiti za ta gani da dare. Intanet kuma, na'ura ɗaya a ofis ba ta ratsa jikin motocin. A kafa ta a kan sanduna a rarraba cikin filin, ko a bi da waya cikin ramin da kuka riga kuka haƙa wa wuta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na san mu. Kare. Da yawan masu zama a waɗannan motoci suna da karnuka, a ɗaki suke kwana da su. In kuka hana, kun kori kasuwa da hannunku, kuma karen da ke yi wa mai lalura hidima doka ba ta ba ku damar korarsa ba. Ku killace wani lungu nesa da ofis da inda kuke sallah, ku sa ledar kwashewa da kwandon shara, ku rubuta cewa kare ba ya yawo sai da igiya. Haka na zauna da maƙwabta masu karnuka ba tare da mun taɓa sa-in-sa ba.

Duk waɗannan ƙa'idoji su shiga takardar yarjejeniya da lauya ya duba, domin wanda ya daɗe a wuri yana iya samun haƙƙin ɗan haya, ba a tashinsa da baki kawai. Kuma kada ku jingina da masu aikin mai su kaɗai. A Afrilun 2020 farashin ɗanyen man Amurka ya faɗi har ƙasa da sifili, na ga layinmu ya zama kufai cikin makonni. Waɗanda suka riƙe masu masauki a lokacin su ne tsofaffi 'yan fansho da ma'aikatan jinya masu zuwa kwantiragin mako 13. Su kuma tsabta suke dubawa da fitila a hanya da shiru da rana, don wasunsu aikin dare suke yi.

Shi kuma abokinka, kada ya ji an watsa masa ƙasa a ido. Wurin ninƙaya yana tafe da shinge da magani da mai dubawa daga hukumar lafiya da ƙarin kuɗin inshora, ga ƙurar Odessa da za ta cika shi kafin la'asar. Inuwa ce babu a garin nan. Ku kafa rumfar kwano mai ƙarfi wadda iska ba za ta yaye ba, da teburi biyu da murhun gashi. In yara suka yi yawa daga baya, lilo ba ya wuce aikin yini ɗaya. Ranar Litinin ku ɗauki taswirar filin ku tafi ofishin ƙaramar hukumar Ector, inda Odessa take, ku biyun, ku fara da tambayar rijiyar.