Amsa: zagayen cin abinci da ɗan jagora a Jidda

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki biya ɗan jagora ya zaga da ke wuraren abinci a ƙafa, tunda wannan ne zuwanki Jidda na farko. Ki biya, amma ki zaɓi zagayen tsohon gari, wato Balad, kuma wanda ake farawa bayan La'asar. Zafin Jidda da gumi yake tafe saboda teku, da tsakar rana tafiyar wahala ce.

Dalilina, lungunan Balad suna rikita baƙo. Ranar da na shiga ni kaɗai ta Bab Makka, na yi ta bulayi har Kasuwar Alawi, ƙarshenta shawarma na ci na dawo. Da na bi ɗan jagora, ya tsayar da mu gaban mai mutabbaƙ, muna kallo yana miƙe ƙullin har ya yi shara-shara, ya zuba ƙwai da niƙaƙƙen nama ya naɗe. Muka ci ma'asub, gurasa da ayaba da zuma. Ki ce ya nuna miki siriya, tsirenmu ne da ƙuli-ƙulinsa. Kafin ki biya dai, ki tabbatar kuɗin abincin yana ciki.