Yaya zan sa Hausa a manhajar da na haɗa da Faransanci?

TAMBAYA: Malam, na haɗa wata ƴar manhajar Android ta rubuta bashi da cinikin shago, amma da Faransanci take. Ƴan kasuwarmu sun ce sai da Hausa za su iya aiki da ita. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Tawa, Nijar.

AMSA: Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Kafin ka fassara ko kalma guda, tsame duk rubutun da ke cikin manhajar ka tara shi a fayil ɗin strings.xml. Sai ka buɗe folda mai suna values-ha, ka sa kwafin fayil ɗin a ciki, ka yi fassararka a can. Wayar da aka saita kan Hausa da kanta za ta ɗauko shi. Tun Android 13, na shekarar 2022, mai waya na iya zaɓar wa kowace manhaja harshenta, muddin ka bayyana harsunan da taka ke da su.

Ka kula da alamar ' da ke cikin kalmomi irin su jama'a da sa'a. A wannan fayil sai ka rubuta jama\'a, in ba haka ba manhajar ba za ta haɗu ba. Ka ajiye komai da tsarin adana haruffa na UTF-8, ka kuma duba cewa salon haruffanka yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don kada su fito kamar ƴan akwatuna. Mai shago zai buga Danladi babu lanƙwasa, to wurin nema ya iya gano masa Ɗanladi.

Kada ka yanka jimla gida biyu ka liƙa suna a tsakiya. Fassara ta ɗungurungum. Manhaja kuma ba ta san namiji ne ko mace ke riƙe da wayar ba, don haka "an biya" ya fi "ka biya" ko "kin biya".

Inda na fi so ka tsaya shi ne kuɗi. A kasuwa dala sefa 5 ce. In allo ya nuna 500, mai shago dala ɗari zai ce. In ya buga 100 yana nufin dala, littafin bashi ya rikice, kuma haƙƙin mutane ne a ciki. Ka tambaye shi tun farko da wane lissafi yake so, ka nuna duka biyun a kowane layi.

In ka gama, kai wayar babbar kasuwar Tawa, ka ba mai tebur guda ya rubuta cinikinsa kana kallo, kada ka ce masa uffan. Duk inda ya yi turus, nan za ka gyara.